Me ya sa wani maganin sankara sai da yunwa, wani kuma sai an ci abinci?

"Assalamu alaikum. Mahaifina mai shekara 68 yana fama da sankarar furostet, likita ya ɗora shi kan abiraterone, ƙwaya huɗu kullum, tare da prednisolone. An ce lallai sai cikinsa babu komai zai sha. To Baba yana da olsa tun da daɗewa, kuma mun taso muna jin ana cewa shan magani da yunwa yana cin hanji. Goggona kuma da ke shan capecitabine saboda sankarar mama, ita cewa aka yi sai ta ci abinci. Me ya kawo bambancin, alhali duk maganin sankara ne? Sannan wani ya ce mana idan aka sha ƙwaya ɗaya da abinci daidai take da huɗun, ga shi kuɗin maganin ya fara fin ƙarfinmu. Gaskiya ne?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Baba da Goggo lafiya, ya sa kaffara ne, ke kuma ya saka miki da alheri kan wannan ɗawainiya. Abu uku kika tambaya: dalilin da ya sa ƙa'idar Baba ta saɓa da ta Goggo, ko shan magani da yunwa zai tayar masa da olsa, da kuma maganar ƙwaya ɗaya a madadin huɗu. Aikina harhaɗa magunguna ne a sashen masu sankara, kuma waɗannan tambayoyi kusan kullum sai an yi mini su a bakin taga. Kafin dogon bayani, ga abin da za ki riƙe: kada ku sauya komai tukuna. A irin waɗannan magunguna, maganar abinci ba ƙarin shawara ba ce da aka liƙa a jikin kwali, tana cikin ma'aunin maganin kansa. Wanda ya canza ta ya canza yawan maganin da yake sha, ko da adadin ƙwayoyin bai canza ba.

Hanyar da ƙwaya ke bi kafin ta kai jini

Idan aka yi wa mutum ƙarin ruwan maganin sankara ta jijiya, duk abin da nas ta auna shi ke shiga jini, babu ragi. Ƙwaya ba haka take ba. Sai ta fashe a tumbi, garin da ke cikinta ya narke, ya gangara ƙaramin hanji, ya ratsa bangon hanjin, sannan jini ya kai shi hanta, hanta ta cinye nata kason, abin da ya saura shi ne zai zagaya jiki ya je inda cutar take. A kowane mataki ana asara. Matakin da ya fi ba da wahala shi ne narkewa, domin yawancin sababbin magungunan sankara na sha ba sa son ruwa ko kaɗan, maiƙo suke so. Abin da bai narke ba kuwa hanji ba zai tsotse shi ba, bayan gida zai bi.

Abinci yana taɓa wannan tafiya ta fuskoki da dama. Yana sa tumbi ya jinkirta tura abin da ke cikinsa, yana rage ƙarfin tsamin ciki na ɗan lokaci, yana ƙara gudun jini zuwa hanji. Amma babban aikinsa a nan shi ne sa matsarmama ta matso ruwanta cikin hanji, musamman idan abincin mai maiƙo ne. Ruwan matsarmama yana yi wa maiƙo abin da sabulu ke yi wa kwanon da aka ci miyar manja: yana tarwatsa shi ya gauraya da ruwa. Maganin da ke son maiƙo sai ya bi wannan ayari ya narke, hanji ya kwashe shi da yawa.

Abiraterone na sahun gaba a cikin irin waɗannan. Idan aka sha shi da yunwa, abin da ke kaiwa jini bai kai kashi 10 cikin 100 na abin da aka haɗiye ba. A gwajin da aka yi kafin hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2011, an ga cewa abinci marar maiƙo sosai yana ninka abin da ke shiga jini kusan sau 5, mai maiƙo kuma kusan sau 10, ƙololuwar maganin a jini ma tana iya kaiwa ninki 17. Ki duba da kyau, ba ƙarin kashi 17 ba, ninki 17. Miligiram 1,000 ɗin da Baba ke sha, wato ƙwaya huɗu masu 250, an tsara shi ne da lissafin cewa yawancinsa zai wuce bai shiga ba.

Za ki ce to ai gara a sha da abinci tunda ya fi shiga. Matsalar ita ce abincin mutum ba ɗaya ba ne kullum. Yau Baba ya karya da koko zalla, gobe koko da ƙosai, jibi waina da miya da man shanu, wata rana kuma ba ya jin cin komai. Kowanne da yawan maganin da zai shigar. Ciki marar komai kuwa kusan iri ɗaya ne yau da gobe, a Kano ko a Landan, shi ya sa kamfanin ya zaɓe shi. Idan abiraterone ya yi yawa a jini, illolinsa ne ke ƙaruwa: hawan jini, kumburin ƙafa, raguwar sinadarin fotasiyam wanda zuciya ke dogaro da shi wajen bugawa daidai, da kuma wahalar da hanta.

Na tuna wani dattijo da ya dawo ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ba ya shiga, jininsa ya hau, fotasiyam ya faɗi. Ɗansa ya rantse ana ba shi magani kafin ya ci komai. Sai da na ce ya kwatanta mini safiyar jiya tun daga tashi barci, sannan ya ce bayan sallar asuba ana haɗa wa Malam shayi mai kauri da madarar gwangwani, da shi yake kora ƙwayoyin, abinci kuwa sai hantsi. A wurinsu shayi ba abinci ba ne. A wurin matsarmama kuwa madara abinci ce, mai maiƙo ma. Haka kunun gyaɗa, haka fura da nono, haka dabino uku da aka ce ai ba komai ba ne. Abin da ake nufi da ciki babu komai shi ne: a yi awa 2 rabonsa da abinci kafin ya sha, sannan ya ƙara awa 1 bayan ya sha kafin ya ci, kuma da ruwa zalla zai haɗiya. Mafi sauƙi shi ne ya sha da ya tashi sallar asuba. Kafin ya dawo daga masallaci ya gama lazimi gari ya waye, awar ta cika.

Batun olsa kuma, maganar da kuka taso da ita tana da tushe, amma a kan wasu magunguna. Irin su diclofenac da ibuprofen da asfirin su ne ke raunana rigar tumbi. Abiraterone ba ta wannan hanya yake aiki ba. A cikin magungunan Baba, wanda ya kamata a sa wa ido saboda olsa shi ne prednisolone, shi kuwa ba a ce a sha shi da yunwa ba. Ki raba su: abiraterone da asuba da ruwa, prednisolone idan ya karya kumallo, na biyun da abincin yamma in sau biyu aka rubuta. Kuma kada a daina prednisolone don tsoron olsa, shi ke tare waɗancan illoli na hawan jini da faɗuwar fotasiyam. Idan kun ga bayan gidansa ya yi baƙi kamar kwalta ko ya yi aman jini, wannan na asibiti ne a ranar.

Ita kuma Goggo

Capecitabine yana narkewa a ruwa cikin sauƙi, ba ya buƙatar taimakon maiƙo. Abinci ma rage saurin shigarsa yake yi, ya ɗan rage yawansa. An ce a sha shi cikin minti 30 bayan cin abinci ne saboda a haka aka gwada shi a kan marasa lafiya, a haka aka san amfaninsa da iyakar illarsa. Idan Goggo ta sha da yunwa zai hau jini da sauri fiye da yadda aka auna, shi kuwa magani ne mai sa zawo da gyambon baki da ƙunar tafin hannu da ƙafa. Saboda haka ita safe da yamma bayan ta ci, kwana 14 tana sha, kwana 7 tana hutawa, in dai haka likitanta ya tsara.

Sauran ma kowanne da dalilinsa. Imatinib, wanda masu wata irin sankarar jini ke sha, kusan kashi 98 cikin 100 nasa na shiga jini ko an ci ko ba a ci ba. Ana cewa a sha da abinci da babban kofin ruwa ne don kawai yana tayar da zuciya. Ɗan'uwansa nilotinib kuwa, duk da cutar ɗaya suke magancewa, abinci mai maiƙo yana ƙara shigarsa da kashi 82 cikin 100, kuma yawansa na iya rikita bugun zuciya har a rasa rai, don haka shi da yunwa ne babu sassauci. Na sha ganin wanda aka sauya daga imatinib zuwa nilotinib ya ci gaba da tsohuwar al'adarsa ta sha da tuwo, domin babu wanda ya zaunar da shi ya gaya masa ƙa'ida ta juye. Sorafenib na sankarar hanta, wadda muke yawan gani saboda ciwon hanta nau'in B, shi maiƙo rage shi yake da kusan kashi 29 cikin 100. Venetoclax na wata sankarar jini kuma dole sai da abinci, in ba haka ba ba zai shiga yadda ake so ba. Tamoxifen da letrozole da bicalutamide babu ruwansu, a sha a duk lokacin da aka saba.

Yadda aka ƙera ƙwayar

Mutane da yawa sun ɗauka idan suna ɗaya ne, miligiram ɗaya ne, to magani ɗaya ne. Ba koyaushe ba. Girman ƙwayoyin garin, irin gishirin da aka haɗa maganin da shi, abin da aka cakuɗa shi da shi, da rufin da aka yi wa ƙwayar, duk suna canza yadda zai narke.

Olaparib, na sankarar ƙwan mace da wasu nau'o'in sankarar mama, da ya fito a 2014 kafso ne mai miligiram 50, mace na haɗiye 8 da safe 8 da yamma, 16 ke nan a rana. Daga baya aka narka maganin cikin wani sinadari mai kama da roba aka daskarar da shi yadda ba zai dunƙule ba, aka buga shi ƙwaya. Tun 2017 sai ya zama ƙwaya 2 da safe 2 da yamma, miligiram 300 a madadin 400, kuma an yi gargaɗi kada a musanya kafso da ƙwaya miligiram da miligiram. Palbociclib na sankarar mama, kafsonsa sai da abinci, domin an lura akwai wani kaso na mutane da in suka sha da yunwa kaɗan ne ke shiga jininsu. Da aka fito da shi a siffar ƙwaya mai ɗauke da nata sinadarin tsami a ciki, sai sharaɗin abincin ya faɗi. Shi kansa abiraterone akwai wani nau'insa mai suna Yonsa da aka amince da shi a Amurka a 2018, wanda aka niƙa garinsa ya yi laushi ƙwarai: miligiram 500 ake sha, ko an ci ko ba a ci ba. Don haka duk ranar da aka ba ku kwali mai wani launi ko wani suna, ko aka aiko muku da magani daga Indiya ko Masar ko Saudiyya, ki kai wa mai harhaɗa magani ya duba kafin Baba ya fara. Ko na yau da kullum ɗin ma akwai mai miligiram 500, wanda biyu ake sha ba huɗu ba.

Daga nan ne kuma haramcin daka ƙwaya ya samo asali. Na san halin da ake shiga idan tsoho ya kasa haɗiya, sai a murƙushe a zuba a kunu. An gwada haka da pazopanib, wani maganin sankara na sha, aka ga dakakkiyar ƙwaya tana ƙara abin da ke shiga jini da kashi 46 cikin 100, ƙololuwarsa kuma ta kusan ninkawa. Da abiraterone laifi biyu za a yi a lokaci ɗaya, an daka kuma an haɗa da abinci. Idan haɗiya ta gagara, a gaya wa likita.

Maganin olsa, kanwa da garehul

Tunda Baba mai olsa ne, akwai yiwuwar yana shan omeprazole ko farin ruwan maganin nan na ƙwannafi da ake saya a kemis. Abiraterone ba ya cikin waɗanda wannan ke yi wa babbar illa. Amma akwai jerin magunguna da ba sa narkewa sai cikin tsamin tumbi, kuma yana da kyau ki sani don wani naki. Omeprazole yana rage erlotinib na sankarar huhu da kashi 46 cikin 100, yana rage dasatinib na sankarar jini da kashi 43, famotidine kuma, wani maganin olsar, yana rage dasatinib da kashi 61. Wato mutum yana biyan kuɗin cikakken magani yana samun kusan rabi, kuma babu alamar da zai ji a jikinsa sai ranar da gwaji ya nuna cutar ta motsa. Raba lokaci ba ya warware matsalar omeprazole domin aikinsa yana wuce yini guda. Farin ruwan ƙwannafi ne ake iya rabawa da awanni. Wasu masu bincike a Rotadam ta ƙasar Holan sun nuna a 2016 cewa kora erlotinib da lemon kola, saboda tsaminsa, yana dawo da kusan kashi 39 cikin 100 ga masu shan esomeprazole, ɗan'uwan omeprazole. Dabara ce mai ban sha'awa, amma ni na fi son a fara tambayar ko mutumin yana buƙatar maganin olsar ma tukuna, domin da yawa sun shekara suna sha ba tare da wani ya sake dubawa ba. Kanwa da ake jiƙawa a sha don ciwon ciki ita ma kashe tsamin tumbi take yi, saboda haka a lissafina tana layi ɗaya da maganin ƙwannafi.

Garehul kuma, wani babban lemo mai ɗan ɗaci, ta wata hanya yake ɓarna. A bangon hanji akwai wani sinadari da ke lalata wani kaso na magani kafin ya shiga jini. Garehul yana kashe shi, sai magani ya kwarara fiye da kima, kuma tasirin yana ɗaukar kwanaki. Lemon zaƙi na yau da kullum ba ya yin haka. Akasin garehul shi ne rifampicin na tarin tibi, wanda ke sa hanta ta riƙa cinye magani da gaggawa: yana rage abiraterone da kashi 55 cikin 100, imatinib da nilotinib ma fiye da haka. A wurinmu da tibi ya yi yawa, kuma asibitin tibi daban na sankara daban, wannan haɗuwa tana faruwa ba tare da ɗayan likitan ya san da ɗayan ba. Jiƙe-jiƙe da sassaƙe ma duk ta hantar nan suke bi, ga ta tana fama da abiraterone. In Baba yana shan wani, a faɗa wa likita ba tare da jin kunya ba.

Ƙwaya ɗaya da abinci

Wanda ya gaya muku wannan bai ƙirƙira ba. Tun 2007 wani likita a Jami'ar Chicago, Mark Ratain, da abokin aikinsa Ezra Cohen suka yi rubutu cewa tunda abinci yana ninka shigar lapatinib, wani maganin sankarar mama, me zai hana a rage ƙwayoyin a sha da abinci a rage kuɗi. Daga baya Russell Szmulewitz da Ratain da wasu suka gwada hakan da abiraterone a kan maza 72, aka buga sakamakon a 2018. Rabi sun sha miligiram 1,000 da yunwa, rabi sun sha 250 da karin kumallo marar maiƙo sosai. Bayan mako 12, faɗuwar awon PSA, sinadarin da ake aunawa a jini don bin diddigin sankarar furostet, a rukunin ƙwaya ɗaya ba ta gaza ta rukunin ƙwaya huɗu ba. A kan haka ne ƙungiyar NCCN ta Amurka, mai fitar da ƙa'idojin maganin sankara, ta sa wannan tsari a matsayin zaɓi, musamman ga wanda tsada za ta sa ya daina sha.

Sai dai a faɗi gaskiya gaba ɗayanta. Mutum 72 ba su da yawa. Abin da aka auna PSA ne, ba tsawon rai ba. Kuma yawan maganin a jinin masu ƙwaya ɗaya bai kai na masu huɗu ba, duk da cewa aikin ya yi kama. Ra'ayina shi ne: idan iyali na iya sayen cikakken ma'auni ba tare da yankewa ba, a tsaya a kansa. Idan kuwa zaɓin da ke gabanku shi ne wata ɗaya a sha wata biyu a rasa, ko a riƙa ba shi biyu yau babu gobe don kwalba ta yi auki, to ƙwaya ɗaya da karin kumallo kullum ta fi wannan nesa ba kusa ba, kuma kwalbar wata ɗaya za ta kai wata huɗu. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne ku yanke wannan hukunci a gida. Likitan Baba ne ke da awon PSA ɗinsa da na hantarsa da hoton ƙashinsa, ni ba su a gabana, kuma shi zai san ko an samu canji bayan sauyin. Ki je ki gaya masa ƙarara cewa kuɗi sun gaza, ki ambaci wannan bincike. Likitocin sankara sun san shi, kuma ba abin kunya ba ne. Idan ya amince, sai a tsayar da karin kumallo iri ɗaya kullum, marar maiƙo da yawa, misali koko da biredi, ba ƙosai da soyayyen ƙwai yau gobe shayi baƙi ba. Haɗari mafi muni shi ne a gauraya tsarin biyu, a sha huɗu da abinci.

Ko wane tsari aka bi, awon hanta duk mako 2 a watanni 3 na farko sannan duk wata, da awon hawan jini da fotasiyam duk wata, ba abin tsallakewa ba ne. In ya yi amai bayan ya sha kada a maimaita, in an manta rana ɗaya a ci gaba washegari ba tare da ninkawa ba.

Idan azumi ya zo kuma likita ya ga Baba zai iya, abiraterone yana da sauƙin tsarawa tunda sau ɗaya ne: ko ya tashi awa 1 kafin sahur ya sha, ko ya sha lokacin kwanciya bayan awa 2 da gama cin abincin dare, prednisolone kuma da sahur da buɗa baki. Na Goggo ya fi wuya, domin capecitabine yana son tazara mai kyau tsakanin sha biyu, ga zawo da ke iya ƙarar da ruwan jiki. Ita ta tattauna da likitanta da malaminta, rangwamen da aka yi wa marar lafiya a Suratul Baƙara ya shafe ta. Ke kuma da ke ƙirga wa Baba ƙwayoyi, idan kina da juna biyu ko kina tsammani, kada ki taɓa abiraterone da hannu sai da safar roba, ko ki zazzago su a murfin kwalbar ki miƙa masa, domin yana iya cutar da abin da ke ciki.